Ƙofar Da Na Rufe Wa Baba

Baba bai taɓa kiran sunan mutumin a gabana ba. Alƙalin Masar yake ce masa, wani lokaci ma Alƙali kawai, kamar yadda Bahaushiya ke ɓoye sunan ɗanta na fari. Ina yarinya na ɗauka wani ɗan'uwanmu ne da ya rasu a hanyar hajji, don Baba ba ya ambatonsa sai ya sunkuyar da kai ya yi masa addu'a. Sai da na girma na san ashe mutum ne da ya bar duniya shekara sama da dubu, malamin fiƙihu da hadisi, wanda ya yi alƙalanci a Masar tun farkon zamanin Musulunci.

Mu Hausawan Sudan ne. Ina 'yar shekara shida muka ƙetaro Jidda, muka zauna a unguwar Nuzla, a wani gida mai ɗaki uku da ke cikin lungun da mota ba ta shiga. Baba turare da kayan yaji yake sayarwa a wani ɗan shago a Balad, tsohuwar kasuwar cikin gari, da su ya ciyar da mu. Amma idan ka tambayi mutanen unguwa ko wane ne shi, ba mai ce maka mai turare. Malam za su ce. Duk ranar Alhamis, tsakanin la'asar da magariba, maza kan taru a ɗakinmu na bakin ƙofa ya karantar da su hadisi. Direbobi ne, da 'yan dako, da waɗanda suka zo umra suka maƙale. A cikinsu wanda ya fi daɗewa shi ne wani tela, sa'an Baba, abokinsa tun suna samari. Baba Tela muke ce masa. Shi ke zama a hannun dama, shi ke zuba shayi.

Ni ma ina da wurina, sai dai ba a cikin ɗakin ba. Akwai ƙofa tsakanin ɗakin da cikin gida, a bayanta nake zama da littafi a cinya ina bin karatun. Ƙannena maza biyu ne, kuma dukansu ƙwallo ta fi littafi daɗi a wurinsu, don haka ni Baba ya zaunar ya koya wa. Ya ce idan na ji ya yi kuskure, ko a sunan mai ruwaya ko a lafazi, in ƙwanƙwasa ƙofar sau biyu. Da ya ji sai ya tsaya ya ce, "Bango ya yi magana," ya duba, ya gyara, mutane su yi dariya. Na yi aure, auren bai yi ba, na dawo gida na koma bayan ƙofata. A shekara kusan talatin, ban jin na ƙwanƙwasa ta fi sau ashirin, kuma a cikin ashirin ɗin ma akwai waɗanda ni ce na yi kuskuren.

Labarin Alƙali kuwa na ji shi har na haddace. Baba ya ce mutum ne mai kwaɗayin ilimi, wanda ke yawo da jaka rataye a wuya. Duk baƙon da ya sauka a Masar sai ya tare shi ya tambaye shi wurin wa ya yi karatu, me ya ji, ya rubuta ya jefa a jaka. Da haka ya tara littattafai masu yawa, mutane suka riƙa zuwa daga nesa suna ɗauka a wurinsa. Sai gobara ta ci gidansa, littattafan suka tafi. Ga tsufa ya zo. Ya ci gaba da karantarwa da ka, kan kuma ya fara yi masa gardama. Har ta kai mutum kan zo da takarda ya karanta masa abin da ba nasa ba, ya ce ai daga gare ka ne, shi kuma ya amsa. Malaman da suka zo bayansa suka raba ruwayarsa gida biyu: wanda ya ji daga bakinsa tun da ƙarfinsa, a karɓa, wanda ya ji bayan ya rikice, a dakata. Abin da ya rubuta da hannunsa kuwa kaɗan ne ya iso mu, sai abin da almajiransa suka kwasa.

Idan Baba ya kawo nan muryarsa kan canza. "Ba maƙaryaci ba ne," zai ce, kamar wani ya musa masa. "Wallahi ba maƙaryaci ba ne. Mai tsaron ƙofa ya rasa." Daga nan sai ya kawo labarin wani malamin a Basra, wanda shi ma tsufa ya rikita. Shi 'ya'yansa sun yi karatu, da suka lura sai suka killace shi a gida, ba wanda ya ƙara jin hadisi ko ɗaya daga bakinsa har ya rasu. Saboda haka sunansa ya tsira, duk abin da aka ɗauka a wurinsa lafiyayye ne.

Wata Alhamis bayan mutane sun watse, ina kwashe kofuna, ya kira ni. A lokacin ko furfurar kirki bai gama yi ba.

"Ke, mai baki. Zauna."

Na zauna.

"Ran da kika ga na zama Alƙali, ki rufe mini ƙofa. Kada ki bari a ɗauki komai a bakina. Ƙannenki ba za su gane ba, ko sun gane ba za su iya ba. Ke kuwa Allah bai sa miki tausayi a harshe ba."

Na yi dariya na ce to. Na ɗauka yabo ne, don da ma an san ni. Ni ce wadda ta taɓa mayar da mai kifi har bakin titi da kifinsa, ni ce matan unguwa ke turawa idan za a faɗa wa wata gaskiya. Na amsa da sauƙi saboda ban ga ranar ba.

Umma ta rasu. Bayanta da 'yan shekaru aka zo aka yi rubutu da jan fenti a bangon gidanmu da na maƙwabta, cewa a tashi, za a rushe unguwar. Wa'adin gajere ne. Ƙanena babba yana da gida a Safa, wata unguwa can nesa a cikin Jidda, hawa na uku a wani dogon gini, ya ce mu koma wurinsa. Ranar kwashe kaya ina can ina faɗa da mai mota a kan firji, ƙanena ƙarami ya ga wasu kwalaye huɗu a ƙarƙashin gadon Baba, damshi ya cinye gindinsu, gara ta shiga. Ya ɗauka tarkace ne, ya bar su. Littattafan bugu duk mun ɗauko. Abin da ke cikin kwalayen nan shi ne rubutun hannun Baba, abin da ya ji daga malaminsa a Sudan da ajami, da bayanan da ya tara shekara arba'in. Kafin mu farga mu koma, lungun kansa babu shi, ban ma iya gane inda ƙofarmu take ba.

Na ci mutuncin yaron nan ranar har matar yayansa ta shiga tsakani. Baba bai tsawata masa ba. Ya dai tambaya sau ɗaya ko an duba da kyau, aka ce an duba, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya shiga ɗaki.

Mutanen Alhamis suka warwatse. Wasu an mayar da su ƙasashensu, wasu sun koma bayan gari inda haya ke da sauƙi. Duk da haka biyar ko shida suka ci gaba da zuwa Safa. Baba Tela ya samu ɗaki a unguwar Ammariyya, kuma bai taɓa fashi ba, ga shi gwiwa ta hana shi sakat. Yakan iso yana haki, ya ce wannan unguwa ta masu mota ce, talaka sai ya yi niyya kamar zai tafi Madina.

A Safa ne abin ya fara. Da farko ƙananan abubuwa ne, irin waɗanda ake yi wa tsoho dariya a kansu. Ya yi sallar la'asar sau biyu. Ya nemi tabaransa yana sanye da shi. Ya tambaye ni ko Umma ta dawo daga kasuwa, sannan ya kama kansa ya yi istigfari. A karatu kuma hannuna ya fara gajiya. Sau uku a zama ɗaya, sau biyar. Ya ɗora sunan wannan a kan hadisin wancan, ya fara ɗaya ya ƙarasa da wutsiyar wani. Na riƙa gaya wa kaina rashin takardunsa ne, zai saba. Wata Alhamis na ƙwanƙwasa, sai ya ce da ƙarfi, "Wai wane ne ke ta buga ƙofa? Ku buɗe masa mana." Ba wanda ya yi dariya a ɗakin. Ni kuma na zauna da littafi a cinya, hawaye na ɗiga a kan shafin.

Ko a nan ban yi abin da ya ce ba. Sai da abin da yake tsoro ya faru.

Akwai wata magana ta malaminsa na Sudan, a kan mai ilimi da tulun ruwa, wadda na tashi ina ji a gidanmu. Kullum Baba kan ce, Malam ya ce. Ranar nan sai na ji ya kawo ta da Larabci, ya jero sunayen masu ruwaya tiryan-tiryan, ya jingina ta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na buga ƙofa har hannuna ya yi zafi, bai tsaya ba. Ban san wani direba a cikinsu yana ɗaukar karatun a waya ba. Bayan kwana uku 'yar kawuna ta turo mini muryar Baba daga Sudan, tana cewa masha Allah, ba su taɓa jin wannan hadisi ba, har limaminsu ya ce a tura masa.

Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gargaɗin mutane a kan girman laifin ƙaga wa Annabi magana, ga muryarsa tana yawo ƙasa-ƙasa da abin da Annabi bai faɗa ba. Na kwana biyu ina kiran duk wanda na sani ina roƙo a goge. Wasu sun goge. Amma magana zarar bunu ce.

Da safe na sa abaya na tafi Ammariyya. Na samu Baba Tela a shagonsa, wani ɗan ɗaki da keke biyu da fanka mai ƙara. Ya ga fuskata ya kashe keken.

"'Yar Malam, lafiya?"

"Baba, karatun Alhamis ya ƙare. Ka gaya wa sauran."

Ya dubi zaren da ke hannunsa. "Na lura," ya ce. "Tun watan azumi na lura. Na ce ko kunnena ne." Ya share ido da gefen hannun rigarsa. "To mu riƙa zuwa gaisuwa kawai. Mu sha shahi, mu tafi. Halas, shi ke nan."

"Da ya gan ku zai buɗe karatu. Za ka iya ce masa ya yi shiru?"

"Ni? Ina!"

"To ka gani. Kuma kowa da waya a aljihu."

"Ni kaɗai fa? Ni ba ni da irin wayar nan."

Na ce a'a. Na ce ko shi kaɗai ne, kunne ne, kuma wasiyyar Baba ba ta ware kowa ba. Na faɗa da irin muryar nan tawa da ba ta barin wurin amsa. Tsoho ya gyaɗa kai. Da zan fita ya kira ni.

"'Yar Malam. Amma ki gaya masa. Ki ce ke kika hana mu, kuma shi ya ce ki hana. Kada ya ga kamar mu ne."

"Zan gaya masa," na ce.

Na yi niyya, Allah shaida ne. Ranar Laraba da hantsi na kai masa shayi na zauna a gabansa, na shirya maganata tun daga kicin. Ya ɗago ya dube ni da murmushi, ya tambaya ko na goge masa farar jallabiyarsa ta gobe, ya ce yana so ya yi musu babin niyya, ya ga kamar sun yi sanyi. Na buɗe baki. Ni da ake cewa ba a sa mini tausayi a harshe ba, na ce masa na goge. Ta yaya zan dubi mutumin nan in ce masa kansa ya tafi? Na ce bari sai mako mai zuwa, idan ya ga ba su zo ba zai tambaya, sai in faɗa.

Alhamis ta zo. Ya yi wanka, ya sa jallabiya, ya turara ta, ya zauna a falo tun kafin a kira la'asar. Ya ce in dafa shayin mutum goma. Na dafa. Aka kira magariba shayin na nan a tire ya huce. Ya tambaya, kamar yadda na zata, sai na ji bakina yana cewa cunkoso ne a hanya. Mako na gaba na ce ana tare mutane ana duba iƙama, wato takardar zama, kowa ya ɓuya. Na gaba na ce zafi. Ƙarya ɗaya ta haifi 'yar'uwarta, har na daina jin nauyinsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Baba ya manta kusan komai amma bai manta Alhamis ba. Ya manta sunayen jikokinsa. Ya manta an rushe Nuzla, yakan ce in kai shi gida. Amma ko ba a gaya masa ba, ranar Alhamis da azahar zai nemi jallabiyarsa. Daga baya ya daina zama a falo, ya koma tsayawa a taga yana kallon inda ake ajiye motoci. Duk wanda ya fito daga mota da farar riga sai ya matso da fuska jikin gilashi.

Ƙanena babba ya same ni a kicin wata rana. Shi Hausarsa rabi Larabci ce. "Ya ukhti, 'yar'uwata, haram alaiki, bai dace ba. Ki bar su su zo. Shaiba ne, tsoho tukuf, yaʿni ko ya yi kuskure wa zai kama shi? Halas, ki bar shi ya ji daɗi."

Na ce masa wanda bai san bambancin hadisi da tatsuniya ba ba shi da bakin magana a nan. Ya fita bai ƙara tayar da zancen ba. Na yi nasara, kamar kullum.

Baba Tela kan kira ni duk Juma'a bayan an sauko. Yaya Malam, ya ci abinci, yana barci. Sau biyu na hango shi da kaina daga tagar kicin, tsaye a bakin babban kantin da ke tsallaken titi, ya ɗaga kai yana ƙirga hawa. Bai hau ba, don ya yi mini alkawari. Kuma bai taɓa tambayata ko na faɗa wa Baba ba. Ya ɗauka 'yar Malam ba ta saɓa magana.

Na koma littattafan da ke kawo tarihin malaman nan na karanta abin da aka ce game da na Basra. Layi ɗaya ne ko biyu: ya rikice, 'ya'yansa suka killace shi, ba a ji komai daga gare shi ba a wannan hali. Shi ke nan. Ba wanda ya rubuta abin da tsohon yake yi da yammacin ranakun da ya saba zama, ko abin da 'ya'yan suka ce masa da ya tambaya ina mutane. Na ji haushin marubutan nan ƙwarai. Sun yabi 'ya'yan, sun bar ni ban san yadda suka yi ba.

Wajen wata na bakwai Baba ya daina tambaya. Wata Alhamis ya bar taga ya zo ya zauna, ya ce, ba da ni yake ba, "Tela ya yashe ni. Safa ta yi masa nisa." Sannan ya ƙara, "Shekara hamsin." Ina tsaye da tire a hannu. Kalma biyar ko shida ta isa in wanke tsohon nan. Amma a lokacin sai in amsa ƙaryar wata bakwai, kuma in gaya masa dalilin. Na ajiye tiren na koma kicin.

Ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni a haka. Ciwon ƙirji ne ya kai shi asibiti. Kwana biyu kafin ya cika, da hantsi, ya farka idonsa garau, irin yadda na san shi a Nuzla. Ya kira ni da sunan da yake kirana ina ƙarama. Ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, bai yi kuskure ba. Ya ce in yafe masa, na ce ni ce zan nemi yafiya. Sannan ya riƙe hannuna.

"Ki gaya wa Tela na yafe masa. Na riƙe shi a raina, bai kamata ba. Ki ce na yafe."

Da hankalinsa a lokacin. Da na faɗa, da ya gane, na tabbata da ya gane, wataƙila ma ya sa mini albarka, tunda shi ya umarce ni. Ba kowa a ɗakin, ba abin da ya hana ni. Na ji tsoro kada abu na ƙarshe da zai sani a duniya ya zama cewa ya jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba. Haka nake gaya wa kaina. Wata rana kuma nakan ce kunyar kaina ce kawai na ji. Na ce masa, "To, Baba."

Har yau ina ganin rufe ƙofar daidai ne. Bayan waccan rana ba a ƙara ɗaukar kalma ɗaya a bakinsa ba, kuma duk wanda ya yi karatu a wurinsa yana ambatonsa da alheri. Na cika abin da ya ce. Shirun da na yi ne ba shi ya ce in yi ba, kuma shi ke hana ni sukuni.

A rana ta uku ta zaman makoki, bayan la'asar, aka ce mini wani tsoho yana sallama da ni a bakin matakala. Na fita. Baba Tela ne, ya rame, yana dogara sanda. Shi ya shiga kabari ya karɓi Baba, ƙanena ya gaya mini, duk da gwiwar. Muka yi wa juna gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo. Sai ya sassauta murya, kamar mai jin nauyi.

"'Yar Malam, bai bar mini wani saƙo ba?"

Saƙon mamaci amana ne. Na yi wa mai rai ƙarya shekara guda, ban iya yi wa mamaci ba.

"Ya ce in gaya maka ya yafe maka."

Ya fara murmushi, murmushin ya tsaya a hanya. "Ya yafe mini me?"

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Muna jin mata a ciki suna ta hidimar kofuna.

"Ba ki gaya masa ba," ya ce a hankali.

"Ban gaya masa ba, Baba."

Na jira ya zage ni. Da ya zage ni da na samu sauƙi, don na san yadda ake amsa zagi. Bai yi ba. Ya gyara riƙon sandarsa, ya ce Allah ya jiƙan Malam, Allah ya ba mu haƙuri. Na ce ya tsaya in kira ƙanena ya kai shi gida a mota. Ya ce a'a, ya gode. Ya juya ya kama ƙarfen matakala ya fara sauka da ƙafa ɗaya-ɗaya, ina tsaye ina jin sandarsa har hawa na ƙasa.